Baba Nata'ala da Fitilun Jafaru

"Sunkuyar da ita, Jafaru! Na ce ka sunkuyar da ita!"

Jafaru na tsugune gaban babur ɗin Ɗanjuma, sifana a hannu, baƙin salatif a baki, bai ko waiga ba. Ya san inda muryar ta fito. Daga ƙofar gidan da ke kallon nasu ce, inda Baba Nata'ala ke zaune a kan buzunsa, hulunan mutane da ya wanke suna jere a kan gwangwanaye suna jiran rana ta leƙo.

"Baba, ai ban ma kunna ba."

"Sai ka kunna? Daga nan ina ganin yadda ta ɗaga kai kamar marar kunya."

Ɗanjuma ya bushe da dariya. Shi dillalin shanu ne, kasuwannin ƙauye yake bi, kuma ba ya kamo hanyar gida sai magariba ta kawo jiki. Fitilar da babur ɗin ya zo da ita ba ta nuna masa ramukan hanyar burji, shi ya sa ya zo a ƙara masa waɗannan ƙananan fitilun LED guda biyu. Kowacce ba ta fi ƙwan kaza girma ba, amma in aka kunna sai ka rantse walƙiya ce aka kama aka ɗaure. Sana'ar Jafaru ke nan. Da gyaran wayar babur ya fara a ƙofar gidansu a Koki, da fitilun nan suka shigo kuwa sai masu zuwa rugage da masu motocin shiga daji suka san hanyar lungun.

Lungun kuwa in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Ga Baba Nata'ala da ciwon yanar ido, farin haske in ya doke shi sai ya daɗe ba ya ganin komai. An taɓa yi ma, yana dawowa daga masallaci, wani matashi ya shigo da irin fitilun nan, Baba ya taka cikin kwata har gwiwa. Tun daga ranar aka shiga faɗa. Faɗan wasa ne dai, don kakan Jafaru aminin Baba ne, saboda haka jika yake a wurinsa. Amma dokar da tsohon ya kafa ba wasa ba ce: duk fitilar da za a ɗaura a lungun nan sai an karkatar da ita ta kalli ƙasa, a kuma rufe rabinta na sama da salatif. Wannan salatif ɗin shi yake kira mayafi.

"Baba, ni fa daji zan shiga da ita, ba lungu ba," in ji Ɗanjuma.

"Daga dajin ta sama za ka dawo gida? Yi mata mayafi, Sarkin Walƙiya."

Jafaru ya yanki salatif da haƙori ya manna, ya sassauta noti, ya danna kan fitilar ƙasa. Da ya kunna, hasken ya kwanta a gaban tayar kamar an shimfiɗa farin ƙyalle. Duk da haka Baba ya kare fuska da hannu.

"Wallahi Jafaru, ko a kabarina kar in ga wannan abin naka."

"To Baba, sai dai mu kai ka da rana tsaka."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya juya wata hula a kan gwangwaninta, ya shafa ta.

"Da rana ko da dare, ni dai kar ku kwana da ni."

Babu wanda bai san wannan maganar ba a lungun. Mahaifin Baba Nata'ala da damina ya rasu, lokacin shi yana saurayi, ruwa ya hana a kai shi, gawar ta kwana a zaure, shi kuma aka bar shi yana gadi. Bai taɓa faɗin abin da ya ji a daren ba. Abin da kawai yake yi shi ne maimaita roƙonsa. Ya faɗa wa matarsa Inna 'Yardada, ya faɗa wa ƙanensa Sabo, ya faɗa wa liman, Malam Abdulbaqi, har sai da liman ya ce masa ya ji, ya kuma riƙe.

Ba a daɗe ba aka wayi gari babu buzu a ƙofar gida. Gwangwanayen na nan a jere, amma babu hula a kansu. Tari ne, in ji Inna, da zazzaɓi mai zuwa da yamma. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi da magunguna a leda. Jafaru ya ci gaba da aiki, sai dai lungun ya yi masa shiru da yawa. Yakan ɗaura fitila ya tsaya, kamar mai jiran a ce masa wani abu.

Da ya shiga gaishe shi, ya tarar da shi kwance a ɗakin da ke kusa da rijiya, ya ragu sosai, gemunsa ya fi fuskarsa yawa.

"Wane ne? Sarkin Walƙiya?"

"Ni ne, Baba. Ya jikin?"

"Jiki ya gode Allah. Yanzu da ba ni a waje, ai ka samu sake. Kana yi musu mayafin kuwa?"

"Ina yi."

"Ƙarya kake."

"Wallahi ina yi, Baba."

Tsohon ya yi murmushi, ya sa Inna ta jawo kwandon huluna. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa lalubarsu da yatsu, yana faɗin mai kowacce. Wannan ta liman ce, bakinta ya fara cinyewa. Wannan ta mai shayi. Ya ce Jafaru ya mayar wa kowa tasa, ya ba su haƙuri, wasu ba a buga ba. Jafaru ya ɗauki kwandon ya fita da sauri.

Ranar da Baba ya rasu tun azahar ake ruwa. Ana idar da la'asar aka ji salatin Inna daga cikin gida, ba da ƙarfi ba. Kafin a sanar da dangi na Dala da Shahuci, a yi masa wanka, a ɗinka likkafani, an kira magariba. Ruwan ya tsaya, amma hadarin bai washe ba, ga shi an ɗauke wuta tun rana. Aka sa makara a zaure, maza suka cika ƙofar gida.

Wanda aka aika maƙabarta ya dawo da laka har idon sawu. Masu haƙa sun ce a yi haƙuri sai da safe. Maƙabartar tsohuwa ce, ta cika, ruwan bana kuma ya baje tsofaffin kaburbura har ba a bambance su da fili. Da hasken waya ba za su gane ba, su kuwa ba za su sa diga a kan bawan Allah ba.

"Gaskiyarsu ce," in ji Malam Abdulbaqi a hankali. "Na kwance ma yana da haƙƙi."

Sabo ya share fuska da hannun riga. "Malam, ka san abin da ya ce."

"Na sani, Alhaji. Ni ma ya faɗa mini. To ya za mu yi?"

Wani ya ce a nemo janareta, wani ya ce ta ina za a shigar da shi a cikin wannan taɓo. Jafaru na tsaye jikin bango, babur ɗinsa a bayansa, fitilu biyu a goshin babur ɗin. Tun da ɗan aiken ya buɗe baki ya san abin da zai iya yi. Amma duk lokacin da ya yi niyyar magana sai ya ji muryar tsohon: ko a kabarina kar in ga wannan abin naka. Ya kalli makarar a zaure, inda za ta kwana in bai yi magana ba. Sai ya zame ya shiga cikin gida.

Mata sun cika tsakar gida. Inna 'Yardada na zaune a bakin ƙofar ɗakinta, carbi a hannu, aci-balbal a gefenta. Ya durƙusa.

"Inna, sun ce sai da safe. Babu haske."

Carbin ya tsaya a hannunta.

"Ni ina da haske. Amma ya ce... Inna, a gaban mutane ya ce ko a kabarinsa kar ya ga fitilata."

Ta dube shi, sai ga wani abu kamar dariya a gefen bakinta, ga hawaye kuma.

"Kai Jafaru, girma ya zo hankali bai zo ba. Wancan ai wasa yake da jikansa. Ni ma kullum sai ya ce tuwona zai kashe shi, ya taɓa barin loma? Maganar kar a kwana da shi kuwa, tun ina amarya yake faɗa mini ita, bai taɓa faɗa yana dariya ba." Ta ja mayafinta. "Tashi ka je. Ka dai yi mata yadda ya koya maka."

Aka yi wa Baba salla a ƙofar gida. Jafaru ya riga makara isa maƙabarta tare da Ɗanjuma. Babur ba ya shiga cikin kaburbura, don haka a bakin ƙofa ya kafe shi, ya kwance fitilun biyu, ya ciro batir. Ɗanjuma ya rungumi batir ɗin, shi kuma ya riƙe fitila a kowane hannu, waya na reto a tsakaninsu. Suka cire takalma suka bi bayan masu haƙa.

Ya haɗa waya, ya ɗaga hannuwansa sama don hasken ya kai nesa. Wurin ya yi fari fat. Laka ce kawai shimfiɗe, ko'ina iri ɗaya, ruwa na ƙyalli a kanta. Babban masu haƙa, wani tsoho mai ɗaure da rawani a ƙugu, ya kare ido ya girgiza kai.

"A'a, ɗana, haka ba na ganin komai. Sunkuyar da ita."

Jafaru ya sauke hannu.

"Ƙara ƙasa. Ƙara."

Sai da ya durƙusa a cikin taɓon, bayan hannuwansa na taɓa ƙasa. Hasken ya kwanta ya bi doron ƙasa, sai ga inuwoyi sun tashi. Kowane ɗan tudu da ruwa ya kusa shafewa ya fito da inuwarsa a bayansa, jere-jere, manya da ƙanana. Tsohon ya bi tsakaninsu a hankali yana sallama ƙasa-ƙasa, Jafaru na jan gwiwa a bayansa, Ɗanjuma na biye da batir. Kusa da wata dalbejiya suka ga wuri shafal, babu inuwa ko ɗaya. Tsohon ya caka sanda, ya zare, ya sake cakawa gaba kaɗan.

"Bismillahi. Nan ne."

Kafin makara ta iso an yi nisa da haƙa. Jafaru bai tashi ba. Ƙafafunsa suka yi tsami, fitilun suka ɗau zafi a tafin hannunsa, ƙwari suka taru suna zagaya su. Da aka zo saka shi, Sabo da liman suka shiga, sai Jafaru ya sa manyan yatsunsa ya ƙara rufe saman fitilun, a kan salatif ɗin, ya karkatar da su gefe. Hasken ya tsaya a kan hannuwan mutane da bakin ramin. Likkafanin ya sauka a cikin inuwa.

Aka jera itace, aka toshe da laka, aka mayar da ƙasa. Ana cikin addu'a aka fara kiran isha'i daga masallatan cikin gari, wani na bin wani. Sabo ya dafa kafaɗar Jafaru, ya wuce. Sai da kowa ya kai bakin ƙofa sannan Jafaru ya zare wayar.

Bai mayar da fitilun jikin babur ba. Ya zuba su a aljihu, ya turo babur ɗin da hannu har Koki. Lungun duhu, amma ƙafarsa ta san inda kwata take. Ya tsaya a zauren gidan Baba, wanda yanzu babu komai a cikinsa sai tabarma, ya yi sallama.

"An kai shi?" Muryar Inna ce daga ciki.

"An kai shi, Inna."

"Alhamdulillahi. Allah ya yi maka albarka."

Ya fito ya zauna a dokin ƙofar gidansu, laka na bushewa a gwiwoyinsa. A ɗaya gefen lungun gwangwanayen na nan a jere jikin bango, ruwan indararo na ɗiga a kan na ƙarshe. Ya sa hannu a aljihu. Fitilun ba su gama hucewa ba.