Baƙuwar da Ta Fita Ba Sallama

Baba ya yi shekara ashirin da shida yana kula da injinan gidan ruwan unguwarmu, kuma da kunne yake aikinsa. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya karkata kai, ya ce inji na biyu yana tari, a buɗe kuwa a tarar da yashi. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi ta tafi da maganarsa, sai aka ba ni wurinsa, amma na gwaji, wata uku. An riga an kawo kwamfuta mai juya injinan, ni kuwa karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya. Injiniyan da ke kanmu bai ɓoye mini ba. Ya ce idan ya dawo ya ga ban iya da ita ba, mai takarda zai kawo.

Ba irin kwamfutar ofis ba ce mai hotuna. Baƙin allo ne, farin rubutu yana ta gudu a kansa daga ƙasa zuwa sama. Kafin in haɗa baƙi uku layin ya wuce.

Ƙanwata Auta ita ta yi karatun kwamfuta a gidanmu. Ta nemi izinin Injiniya, ta zo ta yi kwana biyu a ɗakin injin, ta toshe kunne da auduga tana ta danne-danne. Rana ta uku ta kira ni.

"Yaya, rubuta ruwa, ka danna babban maɓallin nan."

Na rubuta a hankali. Rubutun da ke gudu ya ɓace ɗif. Sai ga tankunanmu uku a tsaye a kan allo, an gina su da sanduna da ɗige-ɗige, ruwan cikinsu kuma wasu ƙananan alamu ne jere a kan juna. Ina kallo na tsakiya ya ƙaru da layi ɗaya. Na fita da gudu na duba mitar tankin, na dawo.

"Auta, ya aka yi ta sani?"

Ta yi dariya. Ta ce mai juya injinan yana can cikin akwatin, ba ruwansa da allo. Wadda ta rubuta mini manhaja ce ta nunawa kawai, kuma baƙuwa ce, allon ɗakin aro ne a wurinta. Idan ta shigo sai ta tambayi allon girmansa, ya ce layi ashirin da huɗu ne, kowane layi gurbi tamanin. Sai ta saki labule a kan rubutun da ta tarar, ta ɓoye 'yar sandar nan mai ƙifta ido da ke nuna inda hannu yake, ta shimfiɗa kayanta. Idan na danna harafin fita, sai ta naɗe kayanta, ta ɗage labule, ta mayar da komai yadda ta same shi.

"Wato tana sallama," na ce.

"Shiga da fita. Ta fi ka ladabi."

Tana haɗa jakarta ta yanko farin salatif ta rubuta haruffa biyar, R, E, S, E, T, ta manna a ƙarƙashin kibod, wato faifan maɓallan. Ta ce idan wata rana baƙuwar ta fita ba sallama ta bar ɗaki a hargitse, in rubuta wannan. Motarta na shirin tashi, ba ta ƙara komai ba.

Wata uku ban gaji da kallon allon nan ba. Wata rana na bi layi ɗaya da yatsa ina ƙirgawa, tamanin cif. Na kuma lura idan ruwa ya motsa ba ta share allon duka, gurbin da ya canza kaɗai take taɓawa, kamar tela yana cike ɓular riga. Nakan zauna in yi ta mamakin yadda yarinyar da na goya ta san wannan duka.

Ranar da Injiniya zai zo na yi sammako. Na wanke daɓe, na goge injinan har suna ƙyalli. Maigadi, abokin Baba ne tun suna samari, ya leƙo da butarsa.

"Farfesa, amarya za a kawo ne? Saura ka wanke ruwan ma."

"Kawu, ka bari in gama."

Na ninke tsumma na bi kan kibod da shi, na ɗan danna don ƙurar da ke tsakanin maɓallai ta fita. Da na ɗaga kai, tankunan sun tsaya cak, na ukun ya yanke a tsakiya, wani rubutu ya keta ta cikinsa a karkace. Ashe tsumman ya haɗa maɓallai biyu da ke korar manhaja nan take. A daidai lokacin na ji motar Injiniya a bakin get.

Na kifa kibod na duba salatif, na mayar. Na danna harafin farko. Ba abin da ya fito. Na sake dannawa da ƙarfi. Shiru, ko 'yar sandar mai ƙifta idon babu.

Injiniya ya shigo ya tsaya a bayana, hularsa ta kwano a hannu. Mutumin bututu ne da bawul, shi ma allo ba fagensa ba ne.

"Samari, me ka yi mata?"

"Gogewa na yi, Yallaɓai."

"Gogewa." Ya danna maɓallin share rubutu, bai ga komai ba. "Ta mutu. Zare wayar wutar ka mayar. In ta tashi shi ke nan, in ba ta tashi ba ka san maganar da muka yi."

Na kai hannu bayan akwatin, sai na tsaya. Injina biyu suna tura ruwa sama a lokacin. Baba ya sha gaya mini idan aka yanke su farat ɗaya, ruwan yakan juyo ya daki bututu, tsohon bututu kuma ba ya ɗaukar duka. Na karkata kai na saurara. Kukansu daidai yake, ba tari ba rawa. Mai juya su yana nan da ransa a ciki.

Sai Baba ya faɗo mini a rai. Masu zuwa dubiya sukan tsaya a kansa suna tambayar Inna ya jikinsa, kamar ba ya ɗakin. Inna takan ce, "Ku tambaye shi mana, yana jin ku. Bakin ne kawai." Ni na sani, domin idan na ce masa ko yana son ruwa, ɗan yatsansa yakan motsa a kan zanen gado.

"Yallaɓai, a ba ni minti ɗaya. Ina jin tana ji, amsawa ce ba ta yi."

Maigadi daga ƙofa ya ce, "To fa. Farfesa zai yi mata tofi."

Na danna babban maɓallin. Wani layi ya fito a karkace, da Turanci, kamar ƙorafi. Ban iya karanta shi ba, amma a farkonsa na ga harafi ɗaya. R. Biyu na danna, Injiniya ya share ɗaya, ga ɗayan nan ta riƙe. Duk abin da muka yi mata ta ji, ba ta zubar da ko ɗaya ba.

Na sa yatsa ɗaya na bi haruffan nan biyar, ina kiran kowanne a bakina, allo bai nuna mini komai ba. Na danna babban maɓalli.

Allon ya yi baƙi ƙirin. Na ja numfashi ɗaya, na ja na biyu. Sai ga 'yar sandar can a kusurwar sama tana ƙifta ido, ita kaɗai a ɗaki shararre. Na rubuta ruwa, wannan karon kowane harafi ya fito ina gani. Tankuna uku suka miƙe, na tsakiya saura layi biyu ya cika.

"Ikon Allah," in ji Maigadi, ya ajiye butarsa.

Injiniya ya fita ya duba mita da kansa, ya jima, ya dawo.

"Me ya hana ka zare wayar da na ce ka zare?"

Na gaya masa maganar ruwan da ke juyowa.

"Wa ya koya maka rubutu a makance?"

"Kalmar ta Auta ce. Sauran a wurin Baba na gani."

Ya dube ni, ya dubi allon, ya kifa hularsa. "Ranar Litinin ka zo ofis da hoto biyu. Kuma tsumman nan kada in sake ganinsa kusa da ita."

Da rana na kira Auta. Ta yi salati, ta ce laifinta ne. Baƙuwar takan hana allo maimaita abin da aka danna don kada haruffa su ɓata mata zane, da aka kore ta kuma ba ta samu ta janye hanin ba. Ta ce za ta zo ta koya mata yin sallama ko da korar ta aka yi.

Da na koma gida na tarar Inna ta jingina Baba da matashi a bakin taga. Na jawo kujera kusa da kunnensa na dama, na fara ba shi labarin tun daga wanke daɓe, ban tsallake komai ba. Da na zo inda na sa hannu a kan wayar wutar na tsaya ina sauraren injina, yatsansa ya ɗaga daga kan zane, ya sauka, ya sake ɗagawa. Na jira ya gama, sannan na ci gaba.