Man da Aka Ba Mubina

Saliha da ƙanwarta Mubina zabiyoyi ne, su biyu kaɗai a cikin 'ya'yan Malam Hambali na wani ƙauye kusa da Bunkure. Tun suna ƙanana suka san abin da rana ke yi wa fatarsu. To amma a garin da kowa ke ci daga noman rani, ba mai zaman ɗaki. In tumatir ya nuna, da sassafe suke fita tsinka, malfa a kan hijabi, safa a hannu, kafin hantsi ya dubi ludayi sun gudo gida. Sauran mata kuwa sai la'asar.

A ranin bara ne Zaharaddini ya zo musu da wani man shafawa. Ɗan ƙanin mahaifinsu ne, yana aikin bincike a wata jami'a, kuma Saliha ce ta yi goyonsa yana jariri. Ya tara zabiyoyin yankin, har da na Kura da Garun Mallam, ya yi musu bayani. Ya ce a cikin man akwai ƙwayoyin kitse da ido ba ya gani, kowace ta ƙunshe magani a cikinta. In rana ta buge su sai su buɗe su saki maganin a kan fata, tana ƙara zafi suna ƙara buɗewa. Sauran bayanin rabinsa Turanci ne, ba wanda ya tsaya tambaya. Kowa ya karɓi robarsa yana sa albarka.

Man ya karɓi Saliha. A karon farko a rayuwarta ta kai azahar a bakin kanal ɗin ban ruwa tana cika kwando, ta dawo gida wuyanta bai yi ja ba. Mubina da ta ga haka sai ta saki jiki ita ma. Ta ajiye malfar da ke sa ta ciwon kai, ta rage rufe wuya. Fatarta ta soma tashi tana bororo, ta yi ƙorafi, Saliha ta ce mata ai ba ta shafawa da yawa ne, ta ƙara. Har da kanta ta riƙa lafta mata.

Kafin ruwan farko ya sauka, wani tsohon tabo da ke bayan kunnen Mubina ya buɗe ya zama gyambo, ya ƙi warkewa. Likita a Kano ya duba ya ce sai an yanke wurin, kuma wani ɓangare na kunnen zai tafi.

Suna dawowa Zaharaddini ya zo gaisuwa. Ya zauna a tabarma yana murza hularsa, can dai ya faɗi abin da ke cinsa. Ashe robobin iri biyu ne. Rabin mutanen an ba su man gaske, rabin kuma mai ne kawai, ba komai a ciki, don a gwada a ga bambanci. Na Mubina na biyun ne.

Saliha tana tankaɗe gari a lokacin. Ta ajiye rariyar a hankali.

"Maimaita, ban ji ba."

"Yaya Saliha, haka ake kowane gwaji. Kuma na faɗa ranar nan, na ce kowa ya ci gaba da rufe jikinsa. Wallahi ni kaina ban san wadda aka ba wa wanne ba sai yanzu. Kwamfuta ce ta raba."

"Kwamfuta ce ta miƙa mata robar? Da hannunka ka ba ta, Zaharaddini, kana yi mata dariya. Ni kuma ka bar ni ina shafa mata man banza ina tura ta cikin rana."

Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ce akwai abin da zai iya yi: abokan aikinsa sun haɗa wani faci daga furotin ɗin dawa, ana dasa shi a wurin da aka yanke, nama ya tsiro a kansa, shi kuma ya narke a jiki. In Mubina ta yarda zai sa a saka ta cikin na farko. Saliha ta tambaye shi a jikin wa aka taɓa dasa shi. Ya ce an gwada a ɓeraye, jikinsu bai ƙi shi ba.

Ta miƙe ta nuna masa ƙofa, ta ce ya fita tun kafin ta manta uwar da ta haife shi. Malam Hambali ya leƙo yana ba da haƙuri, yana cewa ɗan'uwa ne. Ta ce da bare ne ai da sun yi tambaya kafin su shafa.

Washegari ba ta je gona ba. Ta hau babur ta bi gidajen duk waɗanda aka ba man, ƙauye bayan ƙauye, ta gaya musu. Ta samu wani dattijo, Muhammadu Sani, mai ban ruwa a gonar shinkafa, wanda goshinsa ya yi irin ciwon Mubina yana ta ɗauka zafin bana ne. Shi ya jagorance su suka cika mota suka tafi jami'ar. Aka ce su zauna su jira, Saliha ta ƙi zama. A tsaye ta faɗi abin da ya kawo su gaban manyan Zaharaddini, ta ɗaga hijabin Mubina ta nuna musu kunnen, ta ce su duba da kyau, nasu aikin ne.

An dakatar da gwajin. Jami'ar ta ɗauki nauyin aikin Mubina da na Muhammadu Sani, aka kuma raba wa kowa ragowar man gaske. An yi wa Mubina aiki irin wanda aka saba yi, wurin ya warke, sai dai kunnen ya ragu, kuma likita ya hana ta aikin gona kwata-kwata. Yanzu ɗinki take koya a gida.

Mubina ta ce ta yafe wa Zaharaddini, har suna gaisawa a waya. Saliha kam da Sallah ya zo ya durƙusa yana gaishe ta, ta amsa da ka, ta ɗauki butarta ta shige ciki.