Koriyar Riga a Filin Sukuwa

Shekara ashirin da shida Irene ta yi tana taka keken ɗinki a shagonta da ke bayan kasuwar Barnawa. Ta ɗinka ankon Zumuntar Mata, ta ɗinka na amare da na mawaƙan coci, kayan makaranta kuwa ita kanta ba ta san iyakar waɗanda suka bi ta ƙarƙashin allurarta ba. Amma ba a taɓa kawo mata ɗinki an ce kada iska ta samu wurin shiga ba, sai ranar da Malam Kyari ya zo.

Kyari mijin wata mai kawo mata ɗinki ne, Yagana. Mutumin Borno ne, gajere, siriri, ya haura arba'in amma jikinsa ba tsoka ko ta magani. Sana'arsa hawan dokin sukuwa. Wani Alhaji ne ke da dawakin, yana ajiye su a gonarsa can wajen Mahuta, Kyari kuma shi ke hawa in an zo gasa. Ya shigo shagon da yadin satin mai sheƙi kala biyu a leda, ya ce yana son riga koriya mai hannu rawaya.

Irene ta auna shi, ta ɗinka yadda take ɗinka wa kowane magidanci, da ɗan sakewa. Da ya zo gwaji ya ɗaga hannuwa, ya dubi kansa a madubi, sai ya girgiza kai.

"Madam, wannan in Barkono ya ɗauki gudu, iska za ta cika ta in tashi sama kamar leda."

"Wane ne kuma Barkono?"

"Dokin ke nan."

Ta yi dariya har da dafa keke. Sau uku tana rage rigar kafin ta zauna masa. Ta bi hammata da kafaɗa ta yi musu ɗinki biyu-biyu, saboda ya nuna mata yadda yake duƙawa a kan wuyan doki yana miƙa hannu. Ranar da ya karɓa ya ce, "Asabar ɗin nan babbar gasa ce a Dandalin Murtala. Dawaki na zuwa daga Nijar, da Chadi, da Sakkwato, da Bida. Ki zo ki ga aikinki yana gudu. Ki taho da Baba."

Baban da yake nufi shi ne mijinta, Tagwai. Shekara talatin ya yi yana aiki a wata masana'anta a Kudenda kafin ya yi ritaya, kuma dattijo ne a cocinsu. Mutum ne mai tsadar magana. Ko haihuwar 'yarsu ta fari, Joy, da aka fito aka faɗa masa a asibiti, abin da ya ce kawai shi ne, "To, mun gode Allah," ya koma ya zauna.

Da la'asar tana zuba masa tuwo ta kawo maganar.

"Baban Joy, ka taɓa ganin sukuwa kuwa?"

"Ban taɓa ba. Wajen 'yan caca ne."

"Ni rigata zan je gani."

"Ba kin gan ta a shago ba?"

"A rataye na gan ta."

Ya ci lomarsa biyu. Can ya ce, "Ba zan bar ki ki shiga taron nan ke kaɗai ba. Zan raka ki. Amma ki sani ba kallo zan je ba."

Ranar Asabar kuwa ya fito da lema da jarida a hammata, don a tabbatar ba kallo zai je ba. Ita ta ɗaura atamfarta mai ganye-ganye, ta kafa ɗauri. Suka hau Keke Napep, suka bi ta shataletalen Station, suka haye gada. Ƙarshen damina ne, kogin ya cika ya yi jajir. Irene ta yi ƙoƙarin tuna rabonta da tsallaka gadar nan ba don sayen zare ko zif ba, ta kasa tunawa.

Tun daga bakin ƙofa ta fara riƙe hannun rigarsa. Motoci ne jere, manyan tireloli da aka kwaso dawaki a ciki, masu kalangu suna bin wasu alhazai da kirari, masu tsire suna fifita wuta, lasifika na ta kiran sunaye. Ana Hausa, ana Faransanci, ana wani yaren da ba ta taɓa ji ba. Ga warin kashin doki haɗe da na ɗanyar ciyawa da turare.

Sai aka wuce da wani doki ta gabansu, kili mai farin gashi, wani mutum na janye da shi. Irene ta ja da baya. Ita a saninta doki ɗan abu ne da ake hangowa a talabijin. Wannan kuwa gadon bayansa ya fi ɗaurin kanta tsawo, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a wuyansa, yana taku kamar ƙasa na ƙona masa kofato.

"Yesu," in ji ta a hankali. "Wannan abin Malam Kyari ke hawa? Da wannan jikin nasa?"

Tagwai ya samo musu wuri kusa da ƙarfen da ya kewaye filin, daura da wata mai sayar da zoɓo. Ya jingina lemarsa, ya buɗe jarida ya kare fuska.

Tseren farko Irene ba ta gane komai ba. Can nesa ta hango dawaki sun yi layi, aka yi wata ƙara, suka zama ɗigo-ɗigo suna zagaya filin. Har ta fara cewa a ranta ashe abin ke nan. Sai ta ji ƙasa na rawa a tafin ƙafarta. Kafin ta gane mene ne, ga su sun karyo kwana, sun taho a dunƙule, laka na tashi, mahaya a duƙe suna ihu, jama'a sun ɗauki sowa. Suka wuce fuu. Iskarsu ta bugi fuskarta, wani ɗan curin laka ya faɗo a kan jaridar Tagwai.

Ya sauke jaridar, ya dubi lakar, ya bi dawakin da ido.

"Wanne ya ci?" ya tambaya.

"Ina ce ba kallo ka zo ba."

"Tambaya na yi."

A tsere na biyu ya ninke jaridar. A na uku ta ji shi yana tambayar wani dattijo mai farar hula da ke gefensu dalilin da ya sa wasu ke bin jikin ƙarfe wasu na buɗewa waje. Dattijon ya yi masa bayani da hannu da ƙafa, Tagwai na gyaɗa kai kamar yadda yake yi a taron dattawan coci.

Tsere na huɗu shi ne babba, shi ne na su Kyari. Aka fito da dawaki goma sha biyu ana zagayawa da su don jama'a su gani. Irene ta hango kore da rawaya a kan wani jan doki mai farin goshi, rana na dukan satin ɗin yana walwali. Gabanta ya faɗi kamar ranar da Joy ta tsaya gaban coci za ta yi waƙa ita kaɗai.

"Ga ta can! Baban Joy, ga ta can!"

"Na gan shi."

"Dubi kafaɗar yadda ta zauna!"

Amma kafin a tashi tseren jama'a suka yi ca a bakin ƙarfe. Dogayen maza masu manyan riguna suka sha gabanta. Irene gajeriya ce, ta yi ɗage, ta leƙa ta nan, ta leƙa ta can, ba ta ganin komai sai bayan mutane. Idonta ya ciko. Ta zo tun daga Barnawa, ga shi bayan mutane kawai za ta gani.

Tagwai ya dube ta. Ya juya wajen mai zoɓo ya ce, "'Yar'uwa, ara mana bencin nan minti biyar." Ya jawo shi, ya taka ya ji ƙarfinsa.

"Hau."

"Haba, Baban Joy, a gaban mutane? Da girmana?"

"Hau, Maman Joy, za su tashi."

Ya kama ta ya ɗaga, ta tsaya a kan bencin. Ƙafa ɗaya ta bencin ta fi sauran gajarta, yana rawa, don haka bai sake ta ba. Ya zagaye ƙugunta da hannu ɗaya ya riƙe gam. Shekara talatin da ɗaya da aurensu, ko hannunta bai taɓa riƙewa a kan titi ba. Ta ji ɗumin tafinsa ta cikin atamfa, kunya ta kama ta, ta rasa inda za ta sa ido. Ta dafa kafaɗarsa.

Aka tashi.

Daga sama komai ya fito mata fili. Koriyar rigar tana can baya, ta tara ko ta goma. A gaba wani akawal ne baƙi wuluk da lasifika ke kira Janar, dokin mutanen Nijar. Suka miƙa ta can ɗaya ɓangaren, Barkono bai matso ba. Irene ta fara addu'a, ba nasara take roƙo ba, ita dai kada mutumin nan ya faɗo, kada kuma hammata ta ɓarke a gaban wannan jama'a.

A kwanar ƙarshe Kyari ya buɗe waje. Jan dokin ya miƙe kamar yanzu aka sake shi. Ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, ya wuce uku a haɗe. Rigar ta lafe a bayan Kyari, ko kaɗawa ba ta yi. Ya zama na huɗu, ya zama na uku.

Sai ta ji wata murya ta fashe a ƙarƙashinta.

"Kyari! Sake masa! Sake masa linzami! Barkono! Kai, Barkono, taka shi!"

Ta dubo ƙasa. Mijinta ne. Hularsa ta faɗi, jijiyar wuyansa ta miƙe, yana dukan ƙarfen da lema da ɗaya hannun, yana tsalle a wuri guda ba tare da ya sake ta ba. Bakin nan da ba ya buɗuwa sai don addu'a da tuwo, ga shi a wangame har tana hango gurbin haƙorin da aka cire masa. Ba ta taɓa jin wannan muryar ba, ba ta ma san yana da ita ba. Ta tsaya tana kallonsa, dariya da hawaye suka zo mata tare.

Ƙasa ta yi rawa, iska ta bugi ƙeyarta, filin ya ɗauki ihu. Ko da ta ɗago, dawakin sun riga sun wuce.

"Wa ya ci?" ta tambaya.

"Ba ki gani ba? Na ɗora ki a sama ba ki gani ba?"

"Wani abin nake kallo."

"Janar ne," in ji shi, yana haki. "Da tsawon wuya ɗaya ya riga Barkono. Da a ce filin ya ƙara taku goma!"

Ya sauko da ita. Lemar ta lanƙwashe, ƙarafunanta biyu sun fito. Dattijo mai farar hula ya tsinto masa hularsa ya kaɗe, ya miƙa masa yana murmushi.

Suka samu Kyari a inda ake sauke sirdi. Laka ta yi masa fenti tun daga hular kwano har takalmi, da ƙyar ake gane koren. Kafin ya gama gaishe su Irene ta kama hannunsa ta ɗaga, ta duba hammata, ta juya shi ta duba kafaɗa. Ko zare ɗaya bai motsa ba.

"Da ruwan sanyi za a wanke," in ji ta. "Ka faɗa wa Yagana kada ta murza, kada kuma ta sa a rana."

"Malam Kyari," in ji Tagwai, muryarsa ta fara dushewa, "ka yi jinkiri. Da tun kafin kwanar nan ka buɗe waje, da ka kama shi."

Kyari ya ƙyalƙyale da dariya. "Baba, ashe gwani ne kai! Shekara nawa kana kallon sukuwa?"

"Yau na fara."

Ya ce su zo su gaisa da Barkono. Dokin na tsaye yana huci, gumi ya yi kumfa a ƙirjinsa. Irene ta miƙa hannu a tsorace ta taɓa wuyansa. Zafi ne da shi kamar dutsen guga, fatar tana rawa a ƙarƙashin yatsunta. Tagwai ya daɗe yana shafa farin goshin yana faɗa masa wani abu a hankali da yarensu.

Washegari Lahadi, sai ga shi Tagwai ne ke da karatun Littafi a sujadar Hausa. Ya hau mumbari da kwat ɗinsa, ya gyara tabarau, ya buɗe baki. Abin da ya fito kamar an ja tsohuwar ƙofar langa-langa. Ya yi gyaran murya ya sake gwadawa, sai iska kawai. Irene na zaune a layin mata, ta ɗaga littafin waƙa ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Wani dattijon ya taso ya karɓi karatun.

Bayan an tashi Fasto ya tare su a bakin ƙofa. "Baba Tagwai, sanyi ne ya kama ka haka? Allah ya sawwaƙe."

Irene ta ƙura wa takalminta ido. Ta san mijinta ba ya ƙarya, ko ƙarama.

"Ba sanyi ba ne, Fasto," in ji shi cikin raɗa. "Doki na yi wa ihu."

Fasto ya dube shi, ya dubi Irene, ya ga alama bai ji daidai ba, ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

A gida ta daka citta ta tafasa, ta zuba zuma da lemun tsami, ta kai masa baranda. Ya karɓi kofin ya riƙe, bai sha ba, yana kallon titi. Can ya yafito ta da hannu. Ta sunkuyo ta kawo kunne.

"Wuya ɗaya fa, Maman Joy," in ji shi. "Wuya ɗaya kacal."

"Na ji," in ji ta, ta jawo kujera kusa da tasa. "Sha tun da zafinsa."