Rufin Zaharadeen

Tun da mahaifinsu ya rasu, Muhammadu Lawal bai yarda an raba shanun gado ba. Yana kiwonsu a rugarsu ta bayan Yankwashi, kuma duk wanda ya tayar da maganar rabo sai ya ce masa garken Baffa ba zai watse a hannunsa ba. Ƙanensa Zaharadeen, mai ɗinki a Kano, ya yi ta aike yana neman kasonsa, har ya gaji ya yi shiru. Sai ranar nan ya bugo waya.

"Yaya, ba zancen shanu ba ne. Zo kawai ka ga gari."

Lawal ya shiga mota a tashar Kazaure zuciyarsa a ɗaure, ya riga ya shirya amsar da zai bayar. Zaharadeen ya tarbe shi cikin shadda mai sheƙi, ya shiga zagayawa da shi. Suka leƙa marinar Ƙofar Mata, suka shiga Gidan Makama, suka ratsa lungunan kasuwar Kurmi. Lawal na biye, yana jiran inda za a ja birki a kawo maganar rabo. Ba a kawo ba.

Bayan la'asar suka hau Dutsen Dala. A can sama mutane na ta ɗaukar hoto. Shi kuwa Lawal abin da ya saba yi a kan duwatsun Roni ya yi: ya kare ido da tafin hannu yana neman inda ciyawa take da inda ruwa ya kwanta. Babu. Rufin kwano ne kawai, wani sabo wani ya yi tsatsa, har inda ido ya gaza.

"Ga babban masallaci can," in ji Zaharadeen. "Wancan kuma Gwauron Dutse. Ka ga doguwar gadar nan?"

"Na gani. To ina naka?"

"Nawa me?"

"Ɗakinka. Ni in na hau dutse a gida, kowace saniya ina nuna maka ita da sunanta. Nuna mini rufin da kake kwana a ƙarƙashinsa."

Zaharadeen ya yi dariya. "Kai Yaya, tambayar mutanen daji!" Ya ɗaga hannu wajen Fagge, yatsan ya yi ta yawo a iska bai sauka ko'ina ba. A hankali ya mayar da hannun aljihu.

"Shagon maigidana ne. In an tashi aiki sai in shimfiɗa tabarma tsakanin kekunan ɗinki." Ya shafa gaban rigarsa. "Wannan ma ta wani ce da ya kawo ɗinki, gobe zai zo karɓa."

Lawal ya dubi wuyan ƙanensa, ya ga ramar da shaddar ta ɓoye masa tun safe. Da saniya ce ta rame haka, da tun daga nesa ya gane. Shekarun nan yana taƙama bai bar ko maraƙi ya ɓace daga abin da Baffa ya bari ba, bai taɓa sa yaron nan a cikin abin da aka bar masa ba.

Washegari ya koma Yankwashi. Ya kira liman da dattawan ruga, aka yi rabo yadda shari'a ta ce. Da aka zo kan Goɗi, jar saniyar da Baffa ya fi ƙauna, dattawa suka ce ya riƙe ta, a ba yaro wata, tunda sayarwa zai yi.

Lawal ya daɗe yana sosa mata wuya. Sannan ya zura mata igiya da kansa, ya ja ta zuwa ɓangaren Zaharadeen.