A Kira Baba

Auta ta kayar da bayanin da mahaifinta ya bayar a gwajin da ta yi.

Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da tsohon bakaniken a gida, babban ɗansa ke riƙe da gareji. Shi ya kawo na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira da ke amsa saƙon masu motoci, ma'aikata suka raɗa mata suna Sakatariya. Ba ta da hannu, amma tana da kayan aikinta: na odar kayan gyara, na tura janwe ya jawo motar da ta lalace, na sa wa mutum ranar kawo mota. Kowanne da ɗan bayaninsa, shi take karantawa kafin ta zaɓi wanda za ta ɗauka. Na ƙarshen kuwa, wayar tsohon yake bugawa. Da bakinsa ya faɗi bayanin aka rubuta: "Idan mota ta gagara, a kira Baba."

Auna irin waɗannan bayanai shi ne aikin Auta a ofishinsu, don haka yayanta ya ce ta duba na gareji. Sauran suka haye, na Baba ya faɗi.

Ta same shi da la'asar a bakin taga, waya a kan cinyarsa. Ta gaishe shi, ta ja kujera.

"An ce kin ba ni sifiri," ya ce.

"Bayanin na ba, Baba, ba kai ba."

"Wa ya yi bayanin?"

Ta yi murmushi, ta buɗe kwamfutarta. "Na gwada Sakatariya da tambayoyi. Na ce taya ta yi faci, ta kira ka. Na tambayi kuɗin baƙin mai, ta kira ka. Ba ta san me ake nufi da gagara ba. Abin da aka rubuta mata kawai ta sani."

"To, ta kira mana. Na ce na gaji ne?"

"Matar nan ta makon jiya fa, mai sabuwar mota? Ka ce a wanke mata kafireta."

"Haka kukan ya nuna."

"Baba, motar ba ta da kafireta."

Tsohon ya juya ga taga. Daga nan yana iya hango rufin garejin. A ƙarƙashin rufin nan ya yi ƙuruciyarsa ya ƙare ta. A zamaninsa ba a jona wa mota waya ta faɗi ciwonta. Sukundireba yake dafawa a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, kowa ya yi tsit. Sai ya ɗago ya ce fulogi ne, ko ya ce a sauke giya, kuma haka ɗin ne. Direbobin manyan motoci kan kwana a ƙofarsa suna jira. Idan mota ta gagari masu gyara a wani gari, janyo ta ake yi har gabansa. Ba wanda ya taɓa tambayar me ya iya. Wace mota ce ba ta san hannunsa ba?

Auta ma ta san wannan. A kan tsohuwar taya take zama tana ƙarama, tana miƙa masa sifana, ta koma gida da baƙin mai har goshi, uwarta tana faɗa.

"Gyaran ba wuya," ta ce a hankali. "Bayani mai kyau yana faɗin abin da kayan aiki ke yi, ya kuma faɗi abin da ba ya yi. Na janwe ma an rubuta ba ya ɗaukar babbar mota."

"Ni janwe ne?"

"A'a, Baba."

"Karanta in ji."

Ta karanta masa sabon bayanin da ta tsara. "A kira Baba idan tsohuwar mota ce mai kafireta, kuma matsalar ƙarar inji ce. Kada a kira shi kan mota mai lantarki, ko mai kwamfuta, ko abin da sai an duba da ido."

"Har da idon nawa kika sa."

"Kai ka ce ba ka ganin ƙananan notuna."

"Ke na gaya wa. Ban gaya wa Sakatariya ba."

Ta rufe kwamfutar rabi. "Yaya ya ce ko a gyara, ko a cire. Ba zai ƙara jin kunya a gaban masu motoci ba. Idan aka cire, wayar nan ba za ta sake kuka daga gareji ba. Idan ka yarda, za ta riƙa kiranka jefi-jefi. Da babu gara ba daɗi."

Ya dubi wayar. Ita kaɗai ta rage tsakaninsa da rufin can. Da safe ita yake fara lalubawa, ya ga ko akwai caji.

"Tsofaffin motocin, nawa suka rage a gari?"

"Akwai saura."

"Saura," ya maimaita.

"Ka ce to kawai, Baba. Ni zan tura. Ba mai karantawa sai na'ura."

"Yayanki zai karanta. Ma'aikatan da na koya wa riƙon sifana za su karanta. Su ga an jera abin da maigidansu bai iya ba, da yardarsa."

"To, in rage layin ido?"

Ya ɗauke wayar daga cinyarsa, ya ajiye a bakin taga.

"Ki gaya masa ya cire. Ban yarda ba."