Hannun Hagun Malam Barnaba

Jiya da rana tsaka barci ya sace Rifkatu, kanta a kan murfin piyano, ta yi wani mafarki. Dama kwanakin nan fama take da kiɗan da marigayi babanta, Malam Barnaba, ya tsara tun ba ta yi wayo ba, don za a sake fitar da shi. Takardu biyu ne a gabanta: rubutun hannunsa da bugun farko na maɗaba'a. A rubutun, hannu biyu na aiki har ƙarshe. A bugun kuwa, daga tsakiya layin hannun hagu fayau yake. Ta yanke cewa sakacin maɗaba'a ne, har ta cike gurbin da fensir. Tsoronta ɗaya, kada ta fitar da abin da ba shi babanta ya nufa ba.

A mafarkin, sai ga ta a maɗaba'ar. Zabi ne ma'aikatan. Kowace ta hau takarda ta karkaɗe jiki, ɗigo-ɗigonta su zube su zama alamomin kiɗa, ta sauka fara fat ta tafi cin abinci.

"Ku kuka zubar da hannun hagu?" in ji Rifkatu.

"Baiwar Allah, mu ƙafa gare mu," in ji babbarsu. "Je ki kotu."

Kotun a cikin tulu take. Takardun sun zama tsofaffin mata biyu a tabarma ɗaya, kowace ta ba 'yar'uwarta baya.

"Ni ya fara taɓawa," in ji Rubutun Hannu. "Ga tabon shayinsa a zanena."

"Ni ya taɓa daga ƙarshe," in ji Bugun Farko. "Da ƙafarsa ya zo ya duba ni kafin a ɗinke ni."

Alƙalin ƙadangare ne. Ya gyaɗa wa wannan kai, ya gyaɗa wa waccan, aka tashi.

Daga nan sai kogi, yana gudu zuwa kan tudu. Piyano na yawo a kansa kamar kwalekwale, Malam Barnaba na zaune da singileti, yana kaɗawa da hannun dama kaɗai. Yanzu ta girme shi, amma wannan bai dame ta ba.

"Baba, sun yi maka ɓarna, amma na gyara."

"Wa ya aike ki, uwata?" Ya yi dariya. "Ai ni na soke layin hagun. Bayan na gama rubutun aka haife ki. Kullum ina kaɗawa kina cinyata, da na iso tsakiya sai barci ya kwashe ki, ki fara zamewa, dole in tare ki da hagu. Da kunnena ya saba, sai na ji ya fi daɗi haka."

Ta duba, ga jaririya kwance a hannunsa, tana jiƙa masa singileti da yawu. Ta gane kunnuwan, nata ne.

"Karɓe ta tukuna," in ji shi, "hannuna ya sage."

Ta miƙa hannu ke nan, injin markaɗen maƙwabta ya tashi, ta farka.

Rifkatu ta san mafarki ba hujja ba ne, babu mai karɓarsa a bayanin da za ta rubuta. Duk da haka ta buɗe murfin ta fara kaɗawa, hawaye na zubo mata. Da ta iso tsakiya ta ɗage hannun hagu, ta rasa inda za ta ajiye shi. Shi da kansa ya sauka cinyarta ya lanƙwashe, yana tare wadda za ta zame.