Ranar da Alhaji Hamman Ya Kwashe Sumarsa

Shagon askin Babaji manne yake da nawa a Ƙofar Kwaya. Shi yana gyara kawunan mutane, ni ina gyara wayoyinsu, kuma bangon da ke tsakaninmu bai taɓa hana mu musu ba. Musun kuwa kullum ɗaya ne, na karta.

Kada wani ya ɗauki alhakinmu, ba caca muke yi ba. Wasan rufa-ido ne, irin wanda za ka zaɓi kati ka mayar cikin sauran, a cakuɗa, sannan a zaro maka naka. Tawa kartar ta intanet na saye ta, an riga an yi mata aiki tun daga kamfani. An kankare gefenta kaɗan, yadda kai ɗaya ya fi ɗayan faɗi da abin da ido ba ya gani. In aka juya kati ɗaya aka mayar, duk cakuɗar da za a yi, da ka shafa gefen da yatsa za ka ji shi ya ɗan fito. Babaji ya tsani wannan karta kamar ta zage shi. Shi da hannu yake yi, da kartar kanti wadda kowa ke saye. Tun muna sakandare yake fama da ita, ana darasi yatsunsa na ƙarƙashin tebur suna aiki.

"Mahmud, wanga ba iyawa ba ce," haka yake ce mini. "Mai kamfani ne ke wasan, kai riƙe mashi kawai kake."

"Ina ruwan mai kallo?" in ji ni. "In ya saki baki ai an gama."

Gaskiya dai ya fi ni nesa ba kusa ba, amma da in faɗa masa gara in haɗiye harshena.

Wata ranar Juma'a da hantsi shagonsa ya cika, kowa na son ya gyara kai kafin masallaci. A kan kujera akwai Alhaji Hamman, dillalin shanu, dattijon da in ya yi magana a unguwa ba a tsallake ta. An aske masa rabin kai ke nan aka ɗauke wuta, injin janareton Babaji kuma ya ce bai san zance ba. Na shigo in taya shi ja, muka ja har gumi ya jiƙa mu, a banza. Don kada mutane su watse, sai Babaji ya buɗe durowa ya ciro karta.

"Alhaji, kafin a kawo wuta, zaɓi ɗaya."

Alhaji ya zaɓa yana dariya, ya leƙa a ƙarƙashin ƙyallen aski, ya mayar. Ya karɓi kartar ya cakuɗa da kansa, cakuɗa irin ta wanda bai yarda da kowa ba. Babaji ya ɗaure idonsa da tawul, ya miƙa hannu, ya zaro kati ya ɗora masa a cinya. Shi ne.

Shago ya ɗauki ihu. Aka sake, ya sake zarowa. A karo na gaba dariyar Alhaji ta ɗauke.

"Ba ni su nan."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga su sama a hasken ƙofa, ya shafa, ya shinshina, har ya kankari bayan wani da farce. Babaji na tsaye ya harɗe hannu, bakinsa har kunne, yana satar kallona.

"Duba da kyau, Alhaji. Babu komi cikinta, ba irin ta wasu ba ce."

"Babu komi?"

"Wallahi babu."

Alhaji ya ajiye kartar a hankali kamar mai ajiye garwashi. Ya dubi Babaji, ya dubi ƙasa inda sumarsa ta zube, fari-fari a kan siminti.

"Yaro, in babu komi cikinta, to da mi kake gani ido rufe? Kuma sumar mutane da kake sharewa kullum, ina kake kai ta?"

Kowa a wurin ya tashi da jin cewa da sumar mutum ake yi masa asiri, amma ban taɓa ganin wanda ya tuna da hakan a kan kujerar aski ba. Alhaji Hamman ya cire ƙyallen, ya sauko, ya durƙusa da babbar rigarsa ta Juma'a, ya shiga tattara sumarsa da hannu yana zubawa cikin hankici. Har ƙarƙashin kujera ya leƙa.

"Subhanallahi, Alhaji! Dabara ce, hannu ne kawai! Tsaya ka gani!"

Babaji ya ɗauki kartar ya nuna a hankali yadda yake ɓoye kati cikin tafin hannu kafin ya miƙa a cakuɗa. Amma a wannan karon katin ya leƙo ta tsakanin yatsu, ya faɗi ƙasa.

"Ba haka ka yi ba ɗazu," in ji Alhaji. "Idona na bisa hannunka, wayam yake. Ni da nake gane saniya mai ciwo daga nesa, za ka ce ban ga kati a hannu ba?"

Ya kifa hula a kan rabin aski ya fita. Mutumin da aka gama wa aski kafin shi ya dawo daga bakin ƙofa, ya tsuguna yana tambayar wace ce tasa a cikin tarin. Sauran suka zame ɗaya ɗaya, kowa da uzurinsa.

Kafin a sauko daga masallaci labari ya kai Ƙofar Sauri, kuma ya yi ƙiba a hanya. Wai Babaji na da buhun suma a ɗaka. Wani wanda kansa ya fara sanƙo tun kafin a buɗe shagon ya ce yanzu ya gane dalili. Raina ya ɓaci ƙwarai, don mutanen nan da su ake tafi ana ihu duk lokacin da aka ɗauke wuta. Iyaye suka hana a kawo yara. Ta bango nake jin shagon shiru, ba ƙarar kilifa, sai shara da Babaji ke yi a wurin da babu abin sharewa. Da wannan kujera yake ciyar da gidansa, ba shi da wata sana'a.

Bayan 'yan kwanaki, da abin ya ishe ni, na shiga na ajiye kartata a gabansa. Bayanta shuɗi ne, iri ɗaya da tasa.

"Ka ce da wannan ka yi."

Ya dube ni kamar na mare shi.

"Mahmud, na rantse gaban mutane babu komi cikinta."

"Ka ce ka ji kunyar a gane ne. Su abin da za su taɓa da hannu suke so. Hannunka ba ya kwancuwa a duba cikinshi, wannan kuwa ana dubawa."

"In ce ƙarya na yi, alhali gaskiya na faɗa?"

Na bar masa ita a kan teburin na fita.

Bayan la'asar ya leƙo shagona, ya sa hula, kartata a hannunsa. Muka hau babur zuwa Gobarau, inda Alhaji Hamman ke zama da abokansa a ƙofar gida. Muka durƙusa muka gaishe su, aka tambayi gida, aka tambayi aiki, aka tambayi iyali, Alhaji na amsawa yana gyara zaman hularsa. Sannan Babaji ya ciro kartar da hannu biyu.

"Alhaji, na zo in ba da haƙuri. Akwai abu cikinta."

Ya nuna masa gefen da aka kankare. Ya ce ya zaɓi kati, ya juya sauran, ya mayar, ya cakuɗa. Ya kama yatsan Alhaji ya bi da shi ta gefen. Katin ya zamo waje da kansa.

Alhaji ya zabura har carbinsa ya faɗi.

"La'ilaha illallahu! Ni na yi wanga?"

Ya rufe ido ya sake, ya fito. Ya sa abokinsa ya zaɓa, ya zaro masa. Dattawa suka taso suna rige-rigen taɓawa kamar yara sun ga sabon keke, ana ta salati ana dariya. Alhaji ya yi dariya har da hawaye, ya ce gobe da safe yana nan tafe a gyara masa ɓarnar da wani mai askin daban ya yi masa a kai, kuma duk wanda ya sake cewa buhun suma shi da shi ne.

Na ji sanyi a raina, wallahi na ji. Na juya in yi wa Babaji murmushi, sai na ga fuskarsa, na fasa.

Alhaji ya dafa kafaɗarsa yana share ido.

"Kai dai ka ba mu tsoro a banza. Muna ta cewa yaron nan ya iya wani abu, ashe ba ka iya komi ba. Wanga ai ko jikana ya yi shi."

Babaji na durƙushe, hannuwansa biyu a kan gwiwa.

"Haka ne, Alhaji," ya ce. "Ban iya komi ba."